Kwanon Kifin da Anka Maido

Wana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya maido mini da kwanon abincina a gaban mutane. Ya ɗaga murfi, ya duba, ya rufe, ya turo kwanon da bayan hannu har ya taɓa gwiwata, ya ce, "Ɗauki abinka." Iyakar maganarsa ke nan. Tun da anka gina zauren mahaifinmu a Wurno ba a taɓa yi wa kowa haka ba. Da ni anka fara, kuma na daɗe ina yawo cikin gari awa wanda akuyarsa ta ɓace ran kasuwa, ina tambayar mutane mi na yi.

Wanda bai tashi inda ake ciyayya ba ba zai gane nauyin abin ba. In an sallame magariba, kowane magidanci na layinmu yakan shiga gida ya ɗauko kwanonsa ya kawo zaure. A jera su tsakiyar tabarma. Babba shi ke buɗewa, ɗaya bayan ɗaya, a taru a cinye wannan sannan a jawo wancan. Ba a cewa wanga na wane ne, ko da yake kowa ya san murfin kowa. Tuwon da ya yi gudaji ana ci, miyar da gishiri ya zarce ana ci, ba mai ɗaga kai. Da can mahaifinmu ke buɗewa. Da ya rasu, buɗin kwano ya koma hannun wan nawa, Yaya, tare da makullin rumbu. Ban yi gardama ba. Shi ne babba, kuma ya fi ni iya zama da mutane, ko dai haka nike zato.

Sana'ata gyaran injin ban ruwa. Boko na yi shi rabi, na tsaya a ƙaramar sakandare, abin da ya rage mini shi ne ina iya karanta lambar da ke jikin kayan inji kada a sayar mini da jabu. Aikin ya sa ba fadamar da ban taka ba tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, kuma mai yawo dole ya san inda ake ci. In ka ambaci gari, kafin in tuna hakiminsa na tuna mai namansa. Amma ni kaɗai nike cin moriyar wannan sanin. Bai taɓa zo mini a rai ba cewa wuraren nan abu ne da ake kai iyali su gani.

Sai mai ɗakina ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Anka yi jego, mata sunka watse, ita ba ta dawo daidai ba. Ba ta kuka. Da kuka take da na san abin yi. Takan share gida, ta tuƙa tuwo, ta koma bakin gado ta zauna tana kallon bango. 'Yan matanmu biyu su yi ta yi mata magana, ta ce "to". In na shigo in ce sannu, ta ce "to". Kwanona kuwa bai fasa fita zaure ba, wata rana ba gishiri, wata rana ba daddawa, ana ci ana suɗe hannu.

Na karɓo rubutu ta sha. Gwaggona ta kawo hayaƙi anka yi mata. Daga ƙarshe na kai ta asibiti. Akwai wata malamar asibiti da kowa ke kira Sista, Kirista ce 'yar jihar Filato, ta daɗe a garinmu har ta iya cin hoce, wainar dawar nan tamu, da kuli. Ta auna ta, ta duba idonta, ta kira ni gefe.

"Maigida, jininta lafiya. Ba ni da allurar wannan ciwo. Yaushe rabonta da fita?"

"Fita ina?"

"Ko'ina. Kasuwa. Bakin ruwa."

"Mi za ta yi bakin ruwa? Ba ta wanki can, ba ta su."

"Ta je ta gani kawai."

"Ta ga mi?"

Sista ta dube ni yadda ake duban inji da ya ƙi tashi. "Kai kana fita kullum, kana ganin duniya, ka dawo ka kwana. Ita bango ɗaya take kallo. Ka fita da ita. In bai yi ba, ka dawo ka zage ni."

Ban gane ba, amma na gaji da "to". A sanina mutum yana fita ne don wani abu, ko saye ko sayarwa ko gaisuwa. Fita don gani aikin Turawa ne da masu albashi. Duk da haka wata la'asar na ce su shirya za mu kewaya gari. Ta sa hijabi ba ta tambaye ni ina za mu ba.

Na wuce gaba, su suna biye, ni kaina ban san inda za ni ba. Mun fara da shagon mai kayan koli, na tsaya ina kallon ɗan kunne da tsakiya awa sakarai, mai shagon yana ta tambayata wa za a yi wa aure. Munka wuce wajen mai firji na sai wa yara yogot mai ƙanƙara, ƙaramar ta sha da gaggawa haƙori ya riƙe mata. Munka bi ta layin teloli, ta wajen masu ɗaurin albasa da tafarnuwa, inda warin ke shiga tufafi ya kwana. Da munka kawo kwanar da ake sauka zuwa kasuwa, sai na ji ta tsaya a bayana. Wurin yanzu shagon cajin waya ne, an shafa mai shuɗin fenti, janareta na ƙara.

Ta ce, "Ina kurnar da ke nan?"

Na juya. Tun haihuwar nan ba ta tambaye ni komi ba sai ranar. Na ce an daɗe da sare ta. Ta ce ranar da anka kawo ta gidana a ƙarƙashinta motar ta tsaya. Ni ban tuna ba, amma na ce haka ne.

Bayan nan na samu aiki wajen ƙauyen Maikujera, sai na ɗauke su a motar haya har Rabah. Akwai mai balangu can ƙarƙashin durumi wanda nike ci wajensa tun ina yaron inji. Na sa ya yanka mana, ya barbaɗa yaji, ya naɗe a takarda. Nan na tsaya da ƙunshin nama a hannu, don sai lokacin na lura bencinsa maza ne zalla, ba inda mace za ta zauna ta kai loma baki. Duk shekarun nan ban taɓa ganin haka ba, tunda ni namiji ne kuma benci bai taɓa ƙi na ba. Muna tsaye cikin rana, matar wani malamin makaranta, 'yan Zuru ne, ta leƙo daga ɗan shagonta na sabulu da omo ta ce mu shigo. Ta sa mana kujera bayan labule. Ta dubi mai ɗakina ta ce, "'Yar uwa, ci da sauri, maza in sun ce ke anka saya wa, su ke cinye mai kitsen." Mai ɗakina ta sunkuyar da kai, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ci naman. Ta sha furar da na karɓo wajen Fulani har ta ce nonon ya fi na garinmu tsami.

Sai Goronyo. Mun yi sammako ne don mu dawo kafin magariba, kowa ya san halin hanya yanzu. Na kai su bakin madatsar ruwa. Ni na saba ganin ruwan nan, a wurina abu ne da inji ke ja. Ita ta tsaya tana kallo, ba irin kallon bangon ɗaki ba. Masunta na fitowa da kwale-kwale, iska na kaɗa mata hijabi tana riƙewa. Babbar 'yarmu ta tsoma ƙafa, laka ta cire mata takalmi, na shiga cirowa na zame na zauna daɓas cikin ruwa da wandon kasuwata. Nan mai ɗakina ta yi dariya, har ta dafa kafaɗar yarinya. Ina zaune cikin laka ban yi gaggawar tashi ba.

Akwai mai suyar kifi nan kusa da tasha, wani kakkauran mutum mai murya awa ganga. Ita da kanta ta nuna tarwaɗar da take so cikin daro. Anka soya, munka ci a bayan rumfarsa. Da za mu tashi ta ce, "Malam, a ƙara manya. A kai ma su Yaya." Na ce tuwo fa? Ta ce yau ba ta tuƙa ba, wannan shi ne kwanonmu. Ban ga aibu ba. Na ji daɗi ma, don mutumin da ya tuna da cikin wasu ya fara warkewa.

Da munka iso gida ta ɗauko langar da take ajiyewa don baƙi, ta wanke, ta jera kifin, ta yanka albasa da tumatir a kai, ta zuba yaji a gefe. Tana yi tana ba yara labarin faɗuwata kamar ba su wurin. Na ɗauki kwanon da ɗuminsa na fita.

Ranar muna da tela maƙwabcinmu, da tsohon masinja, da liman na unguwa, da wani baƙo mutumin wajen ƙauyen Sisawa wanda ambaliya ta cinye wa gona ya zo ƙwadago fadamar albasa, anka ba shi aron ɗaki a layinmu. Bai daɗe da fara zama da mu ba. Yaya ya buɗe kwanon farko anka ci. Ya jawo nawa. Ƙamshin ya riga murfin tashi, na ga tela ya gyara zama. Sai abin da na faɗi a farko ya faru. Ya rufe, ya turo, "Ɗauki abinka." Ya jawo na gaba ya ce bismilla, hannuwa sunka shiga. Ba wanda ya dube ni. Liman ma ƙasa yake kallo.

Na ɗauka na shiga gida, don ban san mi kuma ake yi ba. Tana tsakar gida. Ta ji nauyin kwanon tun kafin ta buɗe.

"Ba su ci ba?"

"Ba su ci ba."

Ta ɗaga murfi ta sansana. "Bai lalace ba."

"Bai lalace ba."

"To mi anka ce?"

"Ba a ce komi ba."

Ta rufe ta ajiye bisa turmi. Da safe yara sunka cinye, ita ba ta taɓa ba. Da na yi zancen za mu je Achida ran kasuwa ta ga masu tukwane, sai ta ce, "Mun yi wani abu, Malam. Babba ba ya maido abinci haka nan. Ba ni ƙara taka ƙofar gida sai na san mi munka yi." Ta koma bakin gadonta, "to" ta dawo.

Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne, washegari na fita da tuwon dawa miyar kuka, zuciyata na tafasa, Yaya ya jawo ya buɗe ya ci har da ƙari. Ya yi mini zancen tsadar taki. Awa ba abin da ya faru. Ba a tsare babba da tambaya gaban jama'a, in na bi shi gida kuma sai a ce ya fita. Sai na koma tambayar gari.

Na fara da mai shayin bakin tasha, tunda ba maganar da ke kwana ba ta bi ta teburinsa ba. Yana kaɗa shayi daga wannan kofi zuwa wancan ya ce, "Kai ma dai, Injiniya. Ka ɗauko iyali kana yawo da su shago-shago awa mai tallan atamfa. Ga ka layin teloli, ga ka Rabah. Mutane na da ido. Abin kunya na ga gidanku." Na ce to Yaya da ke kai tasa matar Sakkwato sayayyar Salla fa? Ya ce wannan daban, Sakkwato ba a san ku ba. Na ce Goronyo ma ba a san ta ba. Ya ce, "An san ka kai." Ya miƙo mini shayin da ban ce a haɗa ba.

Na tafi wajen Inna mai masa, tsohuwar da ta san mahaifiyarmu. Tana juya masa da tsinke ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗana, yawo ba laifi ba ne, ni da ƙafata na je Goronyo ina budurwa. Abincin saye ne. Kwanon ciyayya shaida ce ta cewa an hura wuta gidanka. Ka zuba na kasuwa ciki, ka ce wa duniya matarka ta kasa." Na ce Inna, bara Yaya ya kawo kilishi daga Achida cikin wannan zaure, kowa ya ci har anka lashe takarda. Ta ce kilishi ba abinci ba ne. Na ce kifi fa? Ta ce, "Kifi dai kifi ne." Ta ƙara mini masa biyu ta ce in tafi ina tsare mata ciniki.

Tela, wanda a idonsa anka yi, shi na fi sa rai. Na iske shi yana taka keke. Ya ce wallahi shi yawunsa har ya tsinke, bai yafe wannan kifi ba. Ya rage murya ya ce ya ji an ce wani malami ya hana Yaya cin kifi marar ɓawo saboda ƙaiƙayi. Na ce mutumin da muke gasa tarwaɗa da shi a bakin gulbi tun muna yawo ba wando? Kuma in shi an hana shi, ku an hana ku? Ya ce to, wasu kuma na cewa don shawarar Sista ce, wai Kirista ke juya maka gida. Na ce Sistar da ta karɓi haihuwar 'ya'yan Yaya, wadda yake aika wa buhun albasa duk kaka? Tela ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai abin da na sani, ranar da yunwa na kwana."

Kowa na da amsa, kuma ba amsar da ta tsaya da ƙafarta. Da dare ya yi in kwanta in ɗauki ta mai shayi in juya, in ajiye in ɗauki ta Inna. Har na fara zargin kifin. Na hau babur takanas na koma Goronyo, na tsaya gaban mai suya na ce ko akwai abin da ya samu kifinsa ran nan.

Ya ajiye matsami. "Kihina? Tun daga Wurno ka ƙona mai don ka zo ka zage ni?"

Na ce tambaya ce.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"Wa ya yi zawo?"

"Ba a ma ci ba."

"Ba a ci ba, kuma kihina ka zo tuhuma? Je ka tuhumi wanda bai ci ba." Ya tsamo wani daga mai ya dangwara mini a takarda ya ce in ci a gabansa. Na ci a tsaye, masu jiran mota na kallona. Ba abin da ya samu kifin. Daɗinsa ma ya ƙara ɓata mini rai.

Na koma wajen Sista ban da zagi. Ta ce ita ba ta san dokar zaurenmu ba, a garinsu in ka kawo kifi sai dai a yi faɗa kan kai. Ta ce abu ɗaya ta sani, matata ta fara tashi kuma an mayar da ita, in ban yi da gaske ba wannan karon zai fi na farko wuya. Wannan na riga na gani da idona. Yogot ɗin da na sawo wa mai ɗakina nan ya narke a leda.

Ana haka injin Yaya ya tsaya ana tsakiyar ban ruwan albasa. Ya aiko a ce in zo, yadda ya saba, ba gaisuwa ba komi. Na ɗauki jakar sifana na sauka fadama da hantsi. Shi kaɗai na iske, ya naɗe ƙafar wando, yana tsaye kan injin yana harararsa. Na tsuguna na kwance kabireta. Datti ne kawai ya toshe ta. Na riƙe ta a hannu ban mayar ba.

"Yaya, mi na yi?"

"Mi kuma?"

"Kwanona."

Ya dubi fangalin albasa. "Ashe abin nan na nan ranka? Ai ya wuce."

"Gare ka ya wuce. Na tambayi mai shayi, na tambayi Inna, na je har Goronyo. An ce yawo ne, an ce abincin kasuwa ne, an ce ƙaiƙayi gare ka."

"Wane ƙaiƙayi?" Ya tsuke fuska. "Ka bi gari da zancen zaurenmu?"

"Kai ka hana ni ji a zaure."

Ya zauna bisa kunya ya ciro ciyawa yana tsinkawa. Ya ce, "Ka ga kwanon da ke bayan naka ran nan? Na baƙon nan na. Tun da ya aje na ji ba nauyi. Dawa ce anka dafa tsaba, ba mai, ba miya, ita ma ba ta rufe gindin kwano ba. In anka ci kifinka, wa zai sa hannu cikin nasa? In ma an sa, shi ya san don mi anka sa. Gobe ba ya zuwa. Baba ya shimfiɗa tabarmar nan don kada a gane gidan da babu. Kai kuma ka taho da langar baƙi da tumatir bisa."

"Kilishinka na bara fa?"

"Bara kowa na da hatsi."

Kabireta na ta ɗigar mini da fetur a hannu. Ban san ko gaskiya ce ba, ko kuwa nan bisa kunya ya ƙera ta. Har yau ban sani ba. Maganar ta shiga hankali, wannan ne ma ya fi ba ni haushi, don na zo da shirin faɗa da mugu sai na iske mai hujja. Na tuna baƙon ya ci gaba da zuwa zaure, kuma na tuna ranar ya fi kowa sunkuyar da kai. Amma na kuma tuna Yaya na da baki. Zai iya cewa a ajiye wannan sai ƙarshe. Zai iya cewa a kai wa yara. Zai iya tare ni a soro bayan an watse ya faɗa mini kalma biyu in shiga da su gida. Ya zaɓi bayan hannu.

Na ce, "Mi ya hana ka gaya mini?"

"Ina za ni tsaya yi ma ƙanena bayani? Kai yaro ne? Ya kamata ka gane da kanka."

Na busa kabireta, na mayar, na ɗaure. Na ja igiya, injin ya tashi, ruwa ya fara bin lambatu. Ya miƙe yana murmushi zai ce sannu. Na kashe injin don ya ji ni da kyau.

Na ce, "Yaya, ka rufa wa baƙo asiri, Allah ya ba ka lada. Amma da fuskar matata ka rufa shi. Kifin nan ba ni na saya don nuna arziki ba, ita ta nuna shi da yatsanta ta ce a kai ma su Yaya. Wata da watanni tana zaune awa gawa, kuna cin tuwonta ba gishiri, ba wanda ya ce mini ya mai jiki. Ka iya jin nauyin kwanon baƙo daga ajiyewa, ba ka ji na ƙanenka ba. Rana ɗaya ta yi dariya, ka maido mata da ita cikin langa. Yanzu ta ce ba ta fita sai ta san laifinta, ni kuwa in na gaya mata ba ta da laifi ba ta yarda, tunda ba ni na maido ba. Na san akwai kunya tsakaninku, ban ce ka shiga ɗakinta ba. Ka zo ka tsaya bayan katanga, ka yi sallama, ka ce mata da bakinka kifin nan ba shi da aibu kuma fitarta ba ta ɓata wa kowa ba. Injinka zan riƙa gyarawa, kai ne babba. Amma kwanona ba ya ƙara fita zaure sai ka yi wannan. Ciki zan zauna in ci da ita, mai shayi ya samu abin faɗi."